Yadda za ku haɗa situdiyon ɗaukar waƙa a gida da kuɗi kaɗan

Duk ƙungiyar makaɗa mai mutum biyar ko shida, wato mawaƙi da 'yan amshi biyu da mai kalangu da mai fiyano, wataƙila da mai gurmi ko jita, ta san wahalar situdiyon haya. Ku shafe wata guda kuna gwaji a soro, ku yi karo-karo, ku je a ba ku awa uku. Awa ɗaya ta tafi wajen jiran na ciki ya fito. Da an fara sai injiniya ya dubi mai kalangu ya ce babu lokacin saita masa makirfo, ai akwai kalangu a cikin fiyano. Haka za ku koma gida da waƙar da ta yi tsaf a kunne amma ba taku ba ce, don hannun da ke ba ta rai an bar shi zaune a benci.

Abin da ya sa nake son ƙungiya ta mallaki wurin ɗaukar aikinta ke nan, ko da ɗaki ɗaya ne a bayan gida. Kuɗin da ake buƙata bai kai yadda ake zato ba. Abin da ke cinye aljihun mutane shi ne sayen kaya a juye: a fara da manyan sifiku da makirfo mai walƙiya, a bar ɗaki da wuta sai daga baya. Ni dai tsarin da na gani yana haifar da ɗa mai ido shi ne wanda zan bi da ku a nan.

Da farko, ku ƙirga bakunan da kuke buƙata

Kafin kowa ya taka kasuwa, ku zauna da takarda ku amsa tambaya ɗaya: sauti nawa za mu ɗauka a lokaci guda? Mawaƙin da ke ɗora murya a kan kiɗan kwamfuta baki ɗaya, wato kafa ɗaya ta shigar da sauti, ya ishe shi. Ƙungiya ba haka take ba. Mai kalangu yana bin numfashin mawaƙi, mai gurmi yana kallon hannun mai kalangu. Idan aka raba su kowa ya shigo shi kaɗai, kiɗan zai zo daidai amma a sandare.

Ga yawancin ƙungiyoyinmu baki huɗu ya wadatar: ɗaya na kalangu, ɗaya na gurmi ko jita, ɗaya na fiyano, ɗaya na muryar jagora wadda za a sake ɗauka daga baya. Idan kuna da cikakken saitin ganguna irin na bandiri da kuge da babbar ganga ta ƙafa, to ku yi tunanin baki takwas. Wannan lissafin ne zai yanke muku irin sawunkad ɗin da za ku saya, wato akwatin da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, da yawan makirfo da wayoyi.

Ɗaki

A nan nake son ku daɗe, don ɗaki shi ne rabin sautin da za ku samu, kuma shi ne ya fi arhar gyara.

Ku shiga ɗakin da kuke so, ku rufe ƙofa, ku tsaya a tsakiya ku tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Idan kuka ji wani ƙara mai kama da karkarwar ƙarfe ya biyo bayan tafin, sauti ne ke kai-komo tsakanin bangaye biyu masu fuskantar juna. Makirfo zai ɗauki wannan ƙaran a kan kowace kalma, kuma babu manhajar da za ta cire shi ba tare da ta lalata muryar ba. Ɗakin da tsawonsa da faɗinsa suka zo daidai shi ya fi muni. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka ɗaki mai mita uku da rabi yana kumbura sautin ƙasa a wajen 49 Hz, in kuma tsawo da faɗi ɗaya ne sai kumburin ya ninka. Shi ya sa za ka ji bes ya cika kunne a kusurwa, ka matsa tsakiyar ɗaki ka neme shi ka rasa. In akwai zaɓi, ku ɗauki ɗakin da tsawonsa ya fi faɗinsa.

Wanda yake da tsohon ɗakin ƙasa mai rufin azara ya yi sa'a. Kaurin bangon yana tare hayaniyar waje fiye da bulo inci shida, rashin santsinsa yana warwatsa amsa-kuwwa, ga sanyi a watan Afrilu. Ɗakin bulo mai rufin kwano babu silin shi ne mafi wahala: rana ta gasa ku, damina ta zo ruwa ya hana ku aiki.

Abubuwa biyu ne mutane ke cakuɗawa. Hana ƙarar waje shigowa daban, kashe amsa-kuwwar cikin ɗaki daban. Na farko nauyi yake so da toshe kafa: ƙofa mai kauri, roba a gefen ƙofa, taga a cike ta da katako da katifa. Na biyu laushi da kauri yake so. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya yin ko ɗaya daga ciki yadda ya kamata; bai da nauyi, bai da kauri, ga shi makamashin gobara, ga kyankyasai. Ku bar shi.

Abin da ke aiki yana cikin gidajenku. Kafet ko darduma mai kauri a ƙasa. Tsofaffin katifu biyu a jingine a kusurwoyi, don a kusurwa sautin ƙasa ke taruwa. Barguna masu nauyi a rataye, amma kada a manna su da bango; a bar tazarar kamar tafin hannu, hakan ya fi sa su sha sauti. In kuɗi ya samu, kafinta ya yi muku firam huɗu ko shida na katako, kaurin santimita 10, a cika su da audugar gini irin wadda ake sa wa a silin don tare zafi, a lulluɓe da yadi mara kauri wanda iska ke ratsawa. Mai aikin ya sa safar hannu da takunkumi, don tana da ƙaiƙayi. Kada kuma ku rufe ko'ina har ɗakin ya mutu murus. Kalangu yana son ɗan fili ya yi numfashi. Ku riƙa tafi kuna ƙarawa, da karkarwar nan ta ɓace ku tsaya.

Teburin kwamfuta ya fuskanci gajeren bango, mai aiki ya zauna wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawon ɗakin, ba tsakiya ba.

Wuta

Na taɓa rasa ɗaukar da ta fi kowace kyau a wata waƙa saboda wannan. Dare ne, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, mawaƙinmu ya kai baiti na ƙarshe muryarsa ta buɗe yadda ba ta buɗe ba duk yinin, mai kalangu ya rufe ido yana binsa. Sai ɗif. Kwamfutar tebur ce ba UPS, ba a adana ba. Muka tada janareta muka sake har sau shida, ba mu ƙara samun irin waccan ba. Tun daga ranar ban sake ɗaukar komai a wutar layi kai tsaye ba.

Kayan ƙaramin situdiyo ba sa cin wuta. Cajar laftof wat 45 zuwa 65 ce, sawunkad ɗan kaɗan yake ja, ƙananan sifiku biyu ba su da nauyi. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wat 1,200 na awa. Ko rabinsa kuka yi amfani da shi don kada ya mutu da wuri, zai riƙe kayan wat 100 kusan awa biyar. Inbata dai ku tabbata an rubuta pure sine wave a jikinsa. Mai arhar nan yana saka wani zuuu a sifika da makirfo wanda ba ya fita. Batirin a caje shi da rana da sola ko wutar layi, a yi aiki da shi lokacin ɗauka. Janareta in ya zama dole, a kai shi can nesa da doguwar waya, a sa stabilaiza a tsakani.

Wutarmu 50 Hz ce, kuma idan kun ji ƙugi mai kauri ba ya yankewa, yawanci ita ce ta shigo ta rashin wayar ƙasa ko ta cajar laftof marar kyau. Gwajin mai sauƙi ne: zare caja. In ƙugin ya tafi, ku ɗauka da batirin laftof ku nemi caja ta asali. Duk kayan su sha wuta daga soket ɗaya, kuma wayar wuta kada ta kwanta jere da wayar makirfo. In dole su haɗu, su gitta juna.

Kwamfuta

Ba sai sabuwa ba. Laftof ta hannu irin ta ofis, HP EliteBook ko Dell Latitude ko Lenovo ThinkPad, mai Core i5 da RAM 8 GB, ta isa ɗaukar layin sauti ashirin ba gargada. In za ku iya kai ta 16 GB, madalla. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri wadda ba ta juyawa. Tsohon faifai mai juyawa yana da nauyin jiki kuma ba ya jure girgiza. A Kano za ku same su a Beirut Road, a Legas kuma Computer Village da ke Ikeja. Ku gwada kowace kafar USB a gaban mai shago, ku duba awa nawa batir ke yi, ku kasa kunne ku ji ko fankarta na ihu.

Wannan kwamfutar ta aiki ce. Ba a kallon fim a kanta, ba a cusa mata filashin kowa. Lokacin hunturu ku rufe ta da ƙyalle, don ƙurar nan tana toshe fanka.

Sawunkad, makirfo da sauran tarkace

Sawunkad shi ne akwatin da ke karɓar sauti daga makirfo ya mayar da shi abin da kwamfuta ke ganewa. Mai baki biyu, kamar Focusrite Scarlett 2i2, na mawaƙi ɗaya ne. Ga ƙungiya mai ƙaramin aljihu ina ganin Behringer UMC404HD mai baki huɗu ya fi dacewa, in kuma takwas kuke so akwai UMC1820. Miksar da kuke zuwa biki da ita ba za ta maye gurbinsa ba, don yawancinsu suna haɗe komai su turo wa kwamfuta layi biyu kawai, daga nan ba ku da ikon rage kalangu ku ƙara murya.

Makirfo iri biyu ne za ku yi hulɗa da su. Akwai mai jure wahala irin na dandali, kamar Shure SM58 na murya da SM57 na kayan kiɗa, ko ɗan'uwansu mai arha Behringer XM8500. Ba ya jin abin da ke nesa sosai, wanda a ɗakin da bai gama gyaruwa ba alheri ne. Akwai kuma kwandensa, kamar Audio-Technica AT2020, mai jin komai har motsin riga, har kukan akuyar maƙwabta. Shi sai an kunna masa maɓallin 48V na jikin sawunkad, wanda ke ba shi wuta. Shawarata: masu jure wahala biyu ko uku, kwandensa ɗaya tak. Kada a kashe rabin kuɗi a kan kwandensa mai tsada alhali ɗakin na amsa-kuwwa; zai ɗauko muku aibin ɗakin ne da kyau.

Jabu ya yi yawa a kasuwa, musamman SM58. Na asali yana da nauyin kusan giram 300, ana jinsa a hannu. Wani mai shago ya taɓa sayar mana da ɗaya a kwali mai kyau. Sauƙin farashin ne ya ja mu, muka zo gida muryar ta fito siririya kamar ta cikin gwangwani. Ku je da wanda ya saba riƙe na gaske, ku gwada kafin ku biya.

Sauran su ne wayoyin makirfo irin XLR masu kyau da ɗaya ko biyu na ajiya, sandunan makirfo masu ƙarfi, hedifon mai rufe kunne ruf don kada kiɗa ya zubo cikin makirfo, da ɗan akwatin raba hedifon huɗu irin Behringer HA400. Matarin iska kuwa ku yi da kanku: ku lanƙwasa waya ta zama zobe, ku ja siririyar safa a kai, ku ɗaure a gaban makirfo. Yana da muhimmanci gare mu, don "f" ɗin Hausa da leɓɓa biyu ake furta ta, iska take turowa kai tsaye. Sifikun situdiyo su ne na ƙarshe a jerin. Hedifon mai kyau zai riƙe ku wata shida. In kun sayi sifikun, su da kan mai aiki su yi kusurwa uku daidai, a tsayin kunne.

Manhaja da saiti

FL Studio da Cubase ne aka fi sani a situdiyoyinmu. Don ɗaukar mutane masu kiɗa da hannu, ni Reaper nake nuna wa mutane. Ba ta da nauyi, tana tafiya a tsohuwar kwamfuta, ana gwada ta kwana 60 da dukkan kayanta, lasisin ƙaramin mai amfani kuma dala 60 ne. Audacity kyauta ce, ta isa gwaji da ɗaukar atisaye. Manhajar sata da ake sakawa a kasuwa ita ce babbar ƙofar bairos, kuma tana tsayawa ne a ranar da kuka fi buƙatarta.

Ku sauko da direban sawunkad daga shafin kamfanin, ku zaɓi ASIO, wato wannan direban, a cikin manhaja. Ku sa 24-bit da 48 kHz, musamman in za a yi wa waƙar bidiyo. A wannan saitin layi ɗaya na cin kusan MB 8.6 a minti, wato layi takwas na waƙar minti biyar kusan MB 350 a ɗauka ɗaya. Bofa kuma, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa shi, a sa 128 ko 256 lokacin ɗauka, don kada mawaƙi ya ji muryarsa na zuwa a makare. Lokacin tacewa a ɗaga ta zuwa 1024 kwamfuta ta huta. In har yanzu akwai jinkiri, akwai maɓallin sauraro kai tsaye a jikin sawunkad, ku yi amfani da shi. Ku kashe intanet, wayoyi kuma su fita daga ɗakin.

Ranar ɗauka

Situdiyo ba wurin koyon waƙa ba ne, ko da naku ne. Ku zo kun haddace. Ku zaɓi lokacin da unguwa ke lafawa, ku tsara aiki tsakanin salloli, ku kuma sanar da maƙwabta tun da wuri. Haƙƙinsu ne, kuma shi zai sa ku daɗe a wurin. Fanka a kashe take yayin ɗauka, don haka a yi minti goma a buɗe ƙofa a sha ruwa.

Mai kalangu ya zauna a gefe ɗaya, makirfo mai jure wahala na kallon fatar da ake bugawa daga tazarar santimita 20 zuwa 30, a ɗan karkace don kada makaɗi ya doke shi. Ku lura cewa mai kalangu ba ya zama cak; yana matse igiyoyi da hammata yana juyawa. In kun matso da makirfo sosai sauti zai riƙa hawa da sauka. Da damina fata kan saki, sai a ɗan shanya ta kafin a fara. Gurmi da garaya muryarsu ƙasa-ƙasa ce, su suka fi cancantar kwandensa, a nesa da kalangu iyakar yadda ɗaki ya bari, da katifa a tsakani. Ƙa'idar da ake bi ita ce nisan da ke tsakanin makirfo biyu ya ninka nisan kowanne da abin da yake ɗauka sau uku. Fiyano, irin Yamaha PSR da ta cika gari, ba ta buƙatar makirfo: a ja waya daga bayanta zuwa sawunkad, a kashe sifikunta.

Sai ƙarfin shiga. Kowa ya buga wurin da ya fi ƙarfi a waƙar, a murɗa maɓallin ƙarfi na sawunkad har ma'aunin manhaja ya riƙa tsayawa wajen desibel -18, ƙololuwarsa kada ta wuce -6. Da jan fitila ya haska, sautin ya fashe, ba ya ɗinkuwa. Ƙasa-ƙasa ana ɗagawa daga baya.

In fiyano ce ke riƙe da bugun, kowa ya bi ta. In kuwa kalangu ne jagora, ni ban ga dalilin ɗaure shi da agogon kwamfuta ba. Ɗan saurin da yake ƙarawa idan waƙa ta ɗau zafi shi ne daɗinta. Ya buga sau huɗu a fara, ku ɗauki waƙar daga farko har ƙarshe sau uku, ku zaɓi wadda ta fi rai ko da akwai ɗan kuskure a ciki.

Bayan nan a ɗora murya ta gaske. Mawaƙi ya tsaya bayansa na kallon katifa ko bargo, don makirfo abin da ke bayan mawaƙi yake ji bayan muryarsa. Tazarar baki da makirfo kamar taƙi ɗaya. 'Yan amshi su kewaye kwandensa ɗaya, mai ƙarfin murya ya ja baya kaɗan. A ɗauke su sau biyu, a jefa ɗaya dama ɗaya hagu; mutum biyu za su cika kunne kamar shida. Kafin a zare kwandensa a kashe 48V, a rage sifika.

Tacewa da fitarwa

Ku bari sai gobe, kunne ya huta. Ku fara da daidaita ƙarfin kowane layi ba tare da taɓa komai ba. Mai sauraron waƙar Hausa baiti yake bi, saboda haka murya ce a gaba, komai na bayanta. A yanke abin da ke ƙasa da 80 zuwa 100 Hz a murya da gurmi, nan ƙugi da takun ƙafa ke ɓuya. Kwamfuresa, mai daidaita hawa da saukar ƙarfin sauti, a sa ta a murya kaɗan, kamar uku bisa ɗaya, tana danne desibel uku ko huɗu a wurare masu ƙarfi. In "s" da "ts" da "sh" suna sukar kunne, a lallashe su tsakanin 5 da 8 kHz. Amsa-kuwwar ado a buɗe mata layi ɗaya kowa ya ɗiba, a ƙara har a ji ta, sannan a rage kaɗan.

Auto-Tune kuwa, wato manhajar da ke gyara kaucewar murya, ku yi hattara. Hausa harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar murya na cikin ma'anar kalma, kuma lanƙwasar da mawaƙi ke yi a ƙarshen ɗango gado ce. In aka ƙure na'urar sai ta goge wannan duka, kowa ya koma murya ɗaya. Inda aka kauce, a sake rerawa. Ɗakin naku ne, babu mai ƙirga muku awa.

Ku fitar da WAV na ajiya da MP3 mai 320 kbps na rabawa. Spotify da YouTube suna daidaita ƙarfin waƙa a wajen -14 LUFS, wato ma'aunin ƙarfin sauti a kunne, don haka matse ta har ta shaƙe ba ya ƙara komai. Ƙololuwa ta tsaya a -1. Sannan ku saurare ta inda mutane za su ji ta: a sifikar waya, a ƙaramar MP ta mai shayi, a cikin mota. A waya bes ɓacewa yake, in kalangu da murya sun tsaya da ƙafarsu a nan to aikin ya yi. In ba su tsaya ba, ku rubuta abin da kuka ji ku koma ku gyara abu ɗaya-ɗaya.

Kowace waƙa da jakarta, da suna da kwanan wata. Kafin a kashe kwamfuta a kwafe jakar zuwa faifan waje, kuma faifan ya kwana a gidan wani daga cikinku, ba a ɗakin ba. A cikin jakar ku ajiye hoton takarda mai sa hannun kowa, wadda ta faɗi wanda ya rubuta baiti, wanda ya yi kari, waɗanda suka yi kiɗa, da na wane ne kowane kaya da aka saya da kuɗin karo-karo.